Kafin A Zargi Laya, A Duba Ƙafar Tebur



A zauren Maigida mun saba da ƙarar bashi, da ta aure, da ta rumfar kasuwa. Ba mu taɓa zaton za mu buɗe littafi mu rubuta ƙarar teburin wasan yara ba, sai a daminar bara, ranar wata Lahadi bayan La'asar, da aka shigo da wani yaro rigarsa a yage, iyaye maza biyu na biye da shi, kowa yana huci.

Teburin bebi-fut ne, irin wanda kafintoci ke haɗawa, an kafa shi a ƙofar wani gidan haya a Adjamé. Yaron ɗan Treichville ne, shekararsa 14, kowace Lahadi yakan hau bas ya ƙetaro gada ya zo wurin kawunsa. Wata uku yana wasa a teburin nan, ba wanda ya taɓa cin sa. Da yake mahaifinsa malamin allo ne, sai magana ta tashi cewa da asiri yake wasa. Ranar nan samarin unguwa suka danne shi, suka laluba, suka sami 'yar laya da kakarsa ta ɗinka masa tun yana goye. Shi ke nan, aka ce an kama hujja. Kafin Magariba maganar ta kai ga mata, har wasu sun fara cewa za su janye 'ya'yansu daga makarantar mahaifinsa. Gidaje biyu ne da kakanninsu suka fito daga gari ɗaya a ƙasar Maraɗi, ga shi wasan yara zai raba su.

Maigida ya saurari kowa, sannan ya juyo gare mu ya ce, "Malam, kun manta ƙwallon marfi ne?"

Ba mu manta ba. Mu da muka tashi a titunan Treichville a shekarun 1980, 'yan wasanmu marafan kwalbar lemo ne. Mukan tsince su, mu cika cikinsu da narkakken kyandir ko ɓawon lemo don su yi nauyi, mu raɗa musu sunayen 'yan ASEC da Africa Sports da Stella ta Adjamé, mu riƙa harba su da yatsa. Tun a lokacin mun san abin da ba a koya mana a allo ba: marfi ɗaya ne, amma halinsa yana bin ƙasar da aka ɗora shi. A kan daɓen siminti mai santsi, marfi mai nauyi yakan wuce inda aka aike shi. A kan rairayi sai ya nutse, mara nauyi ya fi shi tafiya. A kan tabarma saƙar ce ke ja masa hanya. Idan hunturu ya sauko a Disamba, ƙura ta kwanta a daɓe, kowane marfi yakan zama barewa. Idan ruwan Yuni ya jiƙa wurin, gwaninmu ma sai ya koma gurgu. Saboda haka kafin a fara, sai ɓangarorin biyu sun shafa filin da tafin hannu sun yarda da shi.

Washegari Maigida ya aike mu tare da wani magini. Ya ɗora ma'aunin ruwansa, wanda suke kira nibo, a kan teburin, sai ƙwayar iskar ta gudu gefe. Daɓen ƙofar gidan an yi shi da gangare ne don ruwan sama ya bi ta kwata, ga ƙafar tebur ɗaya ta ci ruwa ta ruɓe daga ƙasa. Allon da ƙwallo ke gudu a kai shi ma danshin Abidjan ya kumbura shi, ya yi ɗan kwari a gaban raga ɗaya. Muka ajiye ƙwallo a tsakiya ba tare da an taɓa ta ba, ta gangara a hankali ta faɗa ragar. Muka maimaita har sau biyar. Duk wanda ya tsaya ta jikin bango, wannan ragar yake kai wa hari, kuma nan yaron yake tsayawa kullum.

Da aka dawo zaure, Maigida ya tambaye shi, "Ɗana, ka san da gangaren nan?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Baba. Tun ranar farko na gani."

A nan hukuncin ya yi wuya. Asiri dai babu, amma wanda ya san mudu ya karkace ya yi shiru ya ci gaba da awo, ba za a ce hannunsa fes yake ba, balle da aka gano ana ɗora 'yan kuɗi a kan wasan. Maigida ya sa samarin suka biya riga, suka je har Treichville suka ba malamin haƙuri a gaban ɗalibansa. Ya sa yaron ya mayar da abin da ya ci. Ya hana sa kuɗi, ya sa aka canza ƙafar tebur, ya ce daga yau a riƙa musayar gefe a tsakiyar wasa.

Bayan haka wani ɗanmu da ke karatu a Amurka ya turo mana bidiyon wani wasan tebur nasu mai aiki da lantarki, wanda Norman Sas ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1940 a kamfanin Tudor. Faifan ƙarfe ne da inji ke kaɗawa, 'yan wasan roba na tsaye a kai, kowanne a bisa gindi mai 'yan siraran haƙora. Rawar faifan ce ke tura su. Manyan mutane sukan ɓata dare suna lanƙwasa haƙoran nan da goge su don ɗan wasa ya tafi sak, amma da an ɗauke shi zuwa wani faifan da ya bambanta a kauri ko santsi, sai ya kama kewaya wuri ɗaya. Muka yi dariya, domin ilimin marfin kwalba ne aka sa wa lantarki.

Manyan filaye ma ba su tsira ba. A Satumbar 2023 ruwa ya kwanta a filin Ebimpé har aka tsayar da wasan Kodebuwa da Mali a hutun rabin lokaci. Aka gyara shi, kuma a nan ne ranar 11 ga Fabrairun 2024 Kodebuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 ta ɗauki kofin Afirka, daren da gidajenmu da yawa suka rabu biyu a gaban talabijin. Ko makarantar ƙwallo ta ASEC da Jean-Marc Guillou ya kafa a 1994, wadda ta fitar da Kolo da Yaya Touré, ba takalmi ta riƙa fara horar da yara a wancan lokacin, don ƙafa ta san ƙasa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne saurin da muka yi. Manya da gemu, cikinmu har da masu karatu, mun yarda da laya cikin yini ɗaya, ba wanda ya sunkuya ya dubi ƙafar tebur. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda ma bai zama ba? Mu da muke zaune a ƙasar da ba ta kakanninmu ba, mun san zafin a yanke wa mutum hukunci saboda sunansa ko rigarsa. Bai kamata mu yi wa ɗan malaminmu irin wannan ba.

Akwai kuma laifin da yake namu kai tsaye. Tsakar gidajen da muka yi wasan marfi a cikinsu mun cike su da ɗakunan haya da shaguna, har yara 30 suka koma layi a kan ruɓaɓɓen tebur ɗaya a bakin kwata. Maigida ya sa mun rubuta wannan batu cikin abin da za a tattauna a taron al'umma mai zuwa. Duk wanda ya san wani fili ko farfajiya a Adjamé ko Treichville da mai shi zai yarda yara su riƙa wasa bayan makaranta, ya same mu a zaure bayan sallar Juma'a.

Yaron ya dawo wasa. Yanzu yana ci, ana kuma cin sa, layar kakarsa tana nan a wuyansa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare harsunanmu daga zargi. Amin.