Bakin gora ne ya toshe, kol ɗin bai mutu ba

 

Yau ba maganar zubi ko ta rance na zo da ita ba. Maganar kol ce, farin kol ɗin nan na katako da kafintoci ke aiki da shi, wanda wasu ke ce ma gam. Na san wata za ta ce, "Haba shugaba, duk maganganun duniya sai ta kol?" To, ki yi haƙuri ki karanta. Ƙungiyoyinmu da yawa yanzu suna da kayan katako: bencin haya, kujeru, teburin tuya, allon karatun manya. Kayan katako kuwa ba ya rabuwa da gyara, gyara kuma ba ya rabuwa da kol. Duk gorar da ta toshe aka jefa ta bayan gida, zubin mata ne aka jefar, ko da ba a rubuta shi cikin kaye ba.

Mu mata 25 ne a asusunmu. A wani rabo da muka yi, muka yarda mu bar wani kaso muka sa aka yi mana benci 10, muna ba da su haya ranar biki da suna. Benci in ya sha ɗauka da ajiyewa a amalanke, ƙafarshi sai ta fara rawa. Shi ya sa muka sayi gorar kol ta kilo 1 a ƙarshen damina, muka yi gyara da ita, ko kashi ɗaya cikin uku ba mu taɓa ba, aka mai da ta ɗakin ajiya.

Cikin watan Fabrairu aka kama mana benci duka don wani biki na ranar Asabar, har an ba da kafin alƙalami. Ranar Laraba wurin zaman asusu muka duba, uku suna rawa. Aka ɗauko gora, aka matsa, aka matsa, ko ɗigo. Bakin ya bushe ƙam kamar ƙaho. Nan fa magana ta tashi. Wasu suka ce a ciro kuɗi daga asusun taimako a sayo sabo, alhali a wannan satin ɗan wata daga cikinmu yana kwance asibiti, kuma kun san don irin wannan rana muke tara kuɗin. Wasu suka ce a'a, a ci tarar wadda kayan ke ɗakinta. Ita kuwa amarya ce, ita ce ƙaramarmu, ba ta cika shekara da shiga ba. Ta sunkuyar da kai ba ta ce komi ba, amma na ga idonta ya cika. Ba kuɗin tarar ne ya dame ta ba. Kafin magariba uwar mijinta za ta ji cewa an kama ta da ɓarnar kayan jama'a, shi ne abin.

Na buɗe kaye na duba. Babu inda aka rubuta cewa ita ce mai kula da kol. Da muka ƙirga, mata biyar suka yi aiki da gorar nan, har da yaran biyu daga ciki. Na ɗauki gorar na ji tana da nauyi, na danna cikinta na ji laushi. Sai na roƙi taro a ba ni kwana ɗaya kafin a taɓa akwati ko a ci tarar kowa.

Akwai wani tsohon kafinta a unguwarmu, tsaran mahaifina ne. Na kai mishi bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga abin da ya kusa raba mana kai." Ya karɓa ya jijjiga, ya yi dariya, ya ce, "Ɗiyata, wannan ai bai mutu ba, bakinshi ne ya toshe. Sa a ɗora mini ruwa." Abin da na gani a wurinshi, da abin da na ƙara gwadawa da hannuna daga baya, shi zan ba ku.

Da farko ku san yadda kol ɗin yake. Farin kol ƙananan ƙwayoyin roba ne da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa. In aka shafa shi, katako ya tsotse ruwan, iska ta kwashe sauran, sai ƙwayoyin su haɗe su zama abu guda mai ƙarfi. Shi ya sa in yana ɗanye, ruwan sanyi kawai ke wanke shi daga hannu. In ya bushe kuwa, ba ya komawa. Nan ne da yawanmu ke ruɗewa, don mun saba da ƙaro, irin na dakwara da malamai ke sa ma tawada, wanda ko ya shekara a bushe, in an jiƙa shi sai ya narke. Farin kol ba haka yake ba. Ruwan zafi yana tausasa busasshen ya yi laushi har a ɓamɓare shi, amma ba ya mai da shi kol. Sa'ar da muka yi ita ce ba ya kama robar gorar sosai, yana zaune ne a kanta kawai. Kuma daga inda iska ke shiga yake fara bushewa, wato bakin. Iskar hunturu ba ta bar leɓe da diddige ba, balle tsinin gorar da ba a rufe da kyau ba.

Ga yadda ake yi. Ki kwance marfin gaba ɗaya, da tsininshi, ki raba shi da gorar. In ya ƙi kwancewa, kar ki sa haƙori. Ki nutsa kan gorar cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, ki kama da tsumma ki murɗa. Da kin cire marfin, ki rufe bakin gorar da leda ki ɗaure, don kar na ciki ya sha iska kina can kina aiki.

Marfin kuma ki jefa shi cikin gwangwanin da ba a cin abinci da shi, ki zuba ruwan zafi. Zafin da hannu ba ya iya daɗewa ciki ake so, ba mai tafasa ba, don tafasasshen ruwa yana iya lanƙwasa robar, marfin ya daina kamawa. Ki bar shi kamar minti 20 zuwa 30. Za ki ga busasshen kol ɗin, da ya yi garau kamar ƙaho, ya koma fari ya yi laushi. Sai ki sa tsinken tsintsiya mai ƙarfi ko siririyar waya ki tura daga ƙaramin rami zuwa babban. Kar ki juya hanyar. Tsinin yana da faɗi a ƙasa, siriri a sama, in kika tura ta ƙasa cusa shi kike yi. In kin yi daidai, toshiyar za ta fito guda ɗaya da siffar bakin. In ta yi gardama, ki sake sabon ruwan zafi ki haɗa da binegar, ruwan tsamin nan na kwalba da ake zuba ma salati, rabi da rabi, ki ƙara jira. Akwai farin kol da aka yi don ya jure danshi, shi ya fi daɗewa kafin ya saki.

Abu biyu Baba ya hana ni. Kar a soka ƙusa ta sama marfi yana jikin gora, don toshiyar za ta faɗa ciki, gobe ta dawo ta sake toshewa. Kuma kar a gasa ƙusa a wuta a huda, ramin zai yi faɗi, iska ta samu babbar ƙofa.

Sai cikin gorar. In akwai busasshiyar fata a saman kol ɗin, ki ɗage ta da tsinke ki fitar, kar ki dama ta ciki. In akwai ƴan gudaji, ki tace cikin wani mazubi mai tsabta da guntun tsohon gidan sauro. In ya yi kauri yana nauyin zuba, ana ƙara ruwa, amma da awo: cokali 1 na ruwa ga cokali 20 na kol, kar a wuce. Wato in abin da ya rage ya kai rabin kilo, ƙaramin cokalin shayi 4 ko 5 ya isa. Ki zuba kaɗan-kaɗan kina damawa. Wadda ta tsinka shi kamar kunu don ya yi auki, ranar biki baƙo zai faɗi da benci, kunyar kuma ta ƙungiya ce.

Ba kowane kol ke tashi ba fa, gaskiya ɗaya ce. In kin buɗe kin ga ya tsinke, ruwa a sama, ƙasa ya dunƙule kamar awara kuma ya ƙi haɗuwa in an dama, ko yana jan zare kamar danƙo, ko yana wari, to wannan ya gama aiki. Farin kol dama yakan yi shekara 1 zuwa 2 ne in an adana shi da kyau, zafi kuma yana rage mishi kwana. In kina shakka, ki gwada: ki manna guntun katako biyu, ki ɗora dutse, ki bari awa 24, ki ɓalle. In katakon ne ya tsage ya bar zarenshi jikin kol, kol na da ƙarfi. In sun rabu sumul, kar ki sa shi a ƙafar benci.

Ko kol ya mutu, gorar tana da amfani, don akwai masu sayar da kol a awo, kuma wanda ke cikin bokiti ya fi daɗin aiki in an zuba shi a gora mai tsini. Ki cika ta da ruwan zafi ta kwana, da safe ki matsa jikinta ta kowane gefe, busasshen zai saki kamar saɓar maciji. Abin da ya maƙale a gindi, ki zuba ƴan tsakuwa da ruwa ki jijjiga. Amma don Allah kar a zuba mai, ko nono, ko ruwan sha a cikinta, kuma ruwan wankin kar a zubar inda kaji da awaki ke sha.

Ku lura kuma, duk wannan maganar ta farin kol ce. Kol ɗin masu gyaran takalmi, mai ruwan ɗorawa da ƙarfin wari, ruwa ba ya yi mishi komi, kuma yana kama wuta. Kar a kai shi kusa da murhu da sunan tausasawa, kar a bar shi inda yara za su shaƙa. Farin kol kuma ba ya son isansi ko kananzir, ɓata shi suke yi.

A daren Laraban nan gorarmu ta buɗe. Ranar Alhamis muka kankare tsohon kol daga ƙafafun bencin, don sabo ba ya kama busasshe, katako tsirara yake so. Muka shafa, muka ɗaure tam da tsohuwar robar cikin tayar keke, muka bar su har Juma'a. Asabar benci 10 suka tafi biki suka dawo lafiya. Kuɗin taimako ya tafi asibiti inda ya dace, ba a ci tarar kowa ba.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Akwatinmu kwaɗo 3 gare shi, makulli 3 a hannun mata 3, ko dala ba ta fita sai a gaban kowa. Da kuɗin ya fita ya zama kaya kuwa, sai ya rasa mai shi. Kowa ta ɗauka, kowa ta ajiye, ranar da ya lalace sai a nemi wadda ba ta da baki a ɗora mata. Shi ya sa a zama na gaba muka ƙara shafi a kaye: sunan kaya, ranar saye, sunan mai riƙo, da wadda ta ara. Amaryar nan da kanta ta ce a ba ta riƙon kol, taro ya yarda. Yanzu ko ni na je ara, sai ta duba marfi a gabana kafin ta karɓa, kuma daidai ne.

Rigakafin ba shi da wuya. In an gama aiki, a daddaka gindin gorar a ƙasa don abin da ke cikin tsini ya koma, a goge bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗan matsa gorar iska ta ragu, a rufe. In za a daɗe ba a taɓa ba, a shimfiɗa guntun leda a bakin kafin a murɗa marfi. Ɗan basilin a inda marfi ke murɗawa yana hana shi maƙalewa, amma kar ya taɓa kol ɗin, maiƙo da kol ba sa shiri. A rubuta watan saye a jikin gora. A ajiye ta a inuwa, ƙasa-ƙasa, gindin randa ya fi, ba saman bango ƙarƙashin kwano ba, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Kuma in aikinku kaɗan ne, ku sayi ƙarama, ko ku haɗa kai da asusun maƙwabta ku raba babba.

A zamanku na wannan sati, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, ku ɗauki minti 10 ku leƙa ɗakin ajiya. Ku ga abin da kuka mallaka, ku ga halin da yake ciki, ku rubuta sunan mai riƙonshi tun ana dariya. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya bar mu tare. Sai wani jiƙon.