Dalmar Harsashi da Yaran Tsakar Gida

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Adar ya san mai bindigar toka ba ya sayen harsashi a kanti, shi ke zuba abinsa. Da an kai hatsi rumbu, sai maharba su shiga neman dalma, domin harsashi mai nauyi shi ke riƙe ƙarfinsa har ya kayar da dabba, mara nauyi kuwa sai ya ji mata ciwo ta tsere. Dalma ta dace da aikin: ga nauyi, ga taushi, kuma tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ke kaiwa ba wahala. Ko a Amurka akwai masu zuba wa ƙananan bindigoginsu harsashi da hannunsu.

Ba sana'ar nake zargi ba. Ni jikan maharbi ne daga Kalfu, na kuma ci naman zabon daji da zomo albarkacin wannan harsashi. Damuwata ita ce inda ake narka dalmar, da waɗanda ke tsaye a wurin.

A yau dalmar da ta fi sauƙin samu ita ce ta mataccen batirin mota ko na sola. Sai a fasa shi, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a ciro dalmar a ɗora kan wuta cikin gwangwani, sau da yawa a tsakar gida, dab da murhun tuwo. Yara kuwa ba abin da ke burge su kamar ƙarfe ya koma ruwa yana walƙiya. Suna shaƙar hayaƙin, suna tsintar ɗigon da ya daskare suna wasa da shi. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ita kuma dalma ba ta ruɓewa. Mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki.

Abin ya riga ya faru a wasu wurare. A Thiaroye-sur-Mer, gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tace dalma. A Zamfara, cikin 2010, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma likitocin MSF ne suka gano musabbabin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa. Mai ciki ma tana miƙa wa ɗan da ke cikinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na mai koyarwa, shi ne wanda bai mutu ba. Guba kaɗan ba ta kwantar da yaro, ƙwaƙwalwa take ci sannu a hankali. Ga shi a lakwal ba ya riƙe karatu, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mushe ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce iskanci ne, bulala ta hau. Ba kowane mai jinkirin karatu ne ya sha dalma ba, amma wanda ta taɓa, ɓarnar ba ta gyaruwa.

Maganin bai kai kuɗin mudun hatsi ba. A fitar da narka dalma daga gida, nesa da yara da masu ciki. Gwangwani da ludayin aikin kada su koma madafa. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu, ya canza riga kafin ya ɗauki yaro ko ya zauna gaban akushi. Mataccen batir kada ya kwana inda yara ke wasa. Yaron da ke yawan ciwon ciki, ko ya ɗashe, ko ya fara jijjiga, a kai shi likita, a kuma faɗa cewa ana taɓa dalma a gidan.

Malamai, mu tambayi ɗalibanmu wane ne ake fasa batir a gidansu, sannan mu je mu sami mahaifin cikin girmamawa. Maharbi ya fi kowa sanin cewa abin da ke kisa ba a wasa da shi. Bindigarsa tana rataye inda hannun yaro ba ya kai, to dalmar ma a ba ta wannan matsayi. Allah Ya tsare mana zuri'a.