Ranar Da Aka Ce Na Girma

Ina 'yar shekara 12, a gidanmu na Nima, na fara ganin jinin al'ada. Ba wanda ya taɓa yi mini bayaninsa. Kwana biyu ina ɓoye zanena, ina tsammanin wata muguwar cuta ce ta kama ni. Da Inna ta gane, sai ta miƙo mini tsumma, ta ce, "To, kin girma. Namiji ya taɓa ki, ciki ne." Iyakar karatun ke nan.

Daga ranar aka hana ni wasan dandali. Ni ce ɗebo ruwa da asuba, ni ce tallar koko kafin makaranta. Idan wani yaro ya goge ni a cikin mota, sai in kwana gabana yana faɗuwa. A aji na daina ɗaga hannu don kada a kalli ƙirjina. Aka ce kunya ce, har ana yabona. Ba kunya ba ce, tsoro ne.

Yayana ma bai tsira ba. Da muryarsa ta fashe, sai Baba ya ce masa, "Namiji ba ya kuka, kuma kai za ka riƙe gidan nan." Yaro ɗan shekara 14 ya daina barci, mu kuwa muna cewa miskilanci ne.

Sai da na zama uwa na fahimci abin. Balaga takan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 da 13, ɗa namiji kuwa tsakanin 9 da 14. Jiki yana canzawa da sauri, hankali bai gama nuna ba, a lokacin ne kuma muke ɗora musu kayan manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yawan fargaba yana sahun gaba.

A 2025 gwamnatin Gana ta fara raba wa ɗalibai mata audugar mata kyauta. Madalla. Amma auduga ba ta magana, uwa ce ke yi.

Bara na zaunar da 'yata tun kafin ta ga komai, na faɗa mata gaskiya. Da ranar ta zo, da kanta ta same ni a madafa, ta ce, "Mama, ya zo." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Iyaye, mu riga tsoro isa wurin 'ya'yanmu. Allah ya raya mana su.