Ingarman Ƙarfe a Oko-Oba

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A unguwarmu ta Oko-Oba da ke Agege, inda babbar mayankar jihar Legas take, akasarin Hausawa harkar dabbobi ce ta zaunar da su, kuma mota a wurinsu ita ce wadda za ta kwashi kaya da iyali. Ni kuwa, malamin adabi mai albashin da kowa ya sani, kurar da na saya ita ce BMW 330Ci ƙirar 2003, mai ƙofa biyu, da injin silinda shida, da ƙarfin doki 231. Ta sha hannu kafin ta iso gare ni, irin wadda Yarabawa ke kira tokumbo, amma an ƙera ta ne don ta iya kaiwa kilomita 250 a awa guda. Da ita nake zuwa aji, da ita nake zuwa masallacin Juma'a, da ita kuma nake sayo burodin Agege.

Wannan sha'awa tana da asali. Mu da muka tashi a Arewa cikin shekarun 1980 mun buɗi ido da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta lashe tseren Safari na Kenya. Direbobinta su ne jaruman yarintarmu. Hasali ma abin ya girmi mota, domin Bahaushe ya daɗe yana girmama gudu: Narambaɗa ya waƙe Dokin Iska Ɗanhilinge, Shata kuma ya wasa direbobi. Wanda ya kwashe shekaru yana koyar da irin waɗannan waƙoƙi, ba abin mamaki ba ne in wata rana ya so ya ji iskar da kansa.

Sai dai masu suka suna da hujja. Wani dattijo maƙwabcina, dillalin shanu a kara, yakan ce da ni, “Allah gafarta Malam, wannan motar taka ba ta ɗaukar buhu, ba ta tsallake rami, ga shan mai kamar raƙumi ya dawo daga sahara.” Nakan ce, “Ranka ya daɗe Alhaji, duk gaskiya ne.” Cikinta kusa yake da ƙasa, don haka da damina sai na karkata ta kafin ta haye tudu ko kwazazzabo. In wani abu ya lalace, sai an yini a kasuwar Ladipo ta Mushin ana neman irinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, uwargida ta sha kawo maganar a sayar da ita, har muka yi yarjejeniya: kuɗin makarantar yara shi ne farko, abin da ya rage na ingarma ne, ranar da aka kasa haɗa biyun kuwa, ingarma zai tafi kasuwa. Daɗin daɗawa ga gosulo. Ko bayan buɗe gadar Pen Cinema a 2021, akwai safiyar da ba na wuce giya ta biyu a tsohon titin Abeokuta, ina kallon jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara aiki a 2024, yana wucewa Oyingbo abinsa.

To, mai karatu zai ce, ina daɗin? Amsar tana filin hawan Sallah. Duk wanda ya taɓa kallon jafi a Ƙofar Kudu ta Kano ya san sukuwa kowane yaro zai iya. Inda ake sanin gwani shi ne lokacin da ya ja linzami, doki ya ci birki daf da sarki, ƙura ta tashi, mahayi ya jinjina bai ko girgiza ba. Haka motar nan take. Sitiyarinta yana gaya wa tafin hannuna duk abin da taya ke takawa, birkinta yana kamawa tun kafin zuciya ta gama razana. A titin da saniya kan kufce wa mahauta, ɗan acaɓa ya faɗo ta hagu, danfo ta tsaya babu sigina, yaro ya tsallaka da tiren talla, wannan biyayya ita nake mora kullum, fiye da abin da maleji ke nunawa. Gudun kuwa nakan bar shi sai safiyar Lahadi a babban titin Legas zuwa Ibadan, inda doka ta ba ƙananan motoci kilomita 100, kuma a nan nake tsayawa. Sauran ƙarfin yana nan a ajiye, kamar takobi cikin kube.

Shi ya sa nake tausayin masu hannu da shuni na Ikoyi da Lekki waɗanda ke sayen Porsche ko Ferrari su lulluɓe da tampol, sai ranar biki. Dokin da aka ɗaure a turke shekara guda ana ba shi dawa da kanwa, ranar hawa shi ke kayar da ubangijinsa, domin ba su san juna ba. Sabo shi ke sa mahayi ya gane abin da ke ƙarƙashinsa, sabo kuwa sai da hawan yau da gobe, cikin rana da ruwa da hayaƙin tirela.

Babban ɗana, mai shekara 16, ya fara tambayar yaushe zan koya masa. Na ce masa sai ya cika 18, kuma watanmu na farko a kan birki za mu ƙare shi kafin ƙafarsa ta taɓa totur. Ya ɓata rai, ya ce abokansa da totur suka fara. Na ce masa ai shi ya sa iyayensu ba sa barci.