Akuyar Dutse da Akuyar Turke

Jama'a, cikin dabbobin gida kaf babu wadda muka raina kamar akuya. Mun ce mata maɓarnaciya, mun ce sai da yankakken kunne take yin wayo. Ni kuwa bakina ba ya iya zaginta, domin akuyoyin innata biyu aka kai kasuwa kafin a biya mini kuɗin rajistar shekarar farko a nan Samaru. Saboda haka bari in ɗan tsaya mata.

Wanda ke son sanin halin akuya na ainihi, sai ya duba Azbin, arewa da Agadas, inda Dutsen Bagzam ya haura mita 2,000. Can matan Buzaye ne ke kiwonta. Suna bin kwaruruka daga wannan zango zuwa wancan, in ganye ya ƙare su yi gaba, da nononta kuma suke yin cuku. Akuya ba ta son sunkuyawa irin na tunkiya. Ta fi son ta miƙe bisa ƙafafun baya ta tsinki ganyen ƙaya, ta ɗanɗana nan, ta ɗanɗana can. Wannan hali shi ne maganinta, gama tsutsar ciki a ɗanyar ciyawar ƙasa take, inda kashi ya taru. Mai cin sama, mai kwana yau nan gobe can, ta tsere mata.

To, mu dawo gida. Da damina ta faɗi, sai a ɗaure akuya a turke don kada ta shiga gonar mutane. Dalili ne mai kyau. Amma sai ka ga igiya kamu uku, ruwa na dukanta, ita da ta ƙi jinin jiƙewa, tana ci inda take kashi har a yi girbi. Da rani kuma a sake ta ba kiwo ba makiyayi. Je ka bakin kasuwar Sabon Gari ka gani: tana kan juji tana haɗiyar leda don ƙanshin abincin da ya rage ciki. Leda ba ta narkewa. Sai ta cunkushe a tumbi, ciki ya kumbura, jiki ya rame, mai ita na murna wai ta ɗauki ciki.

Abin takaici, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce muke yi wa haka, wadda fatarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Shika tun 1976, ga cibiyar fata a nan Samaru. Ilmi yana nan jibge, amma da Turanci, masu akuyoyin kuwa iyayenmu mata ne da ke cikin gida.

Nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban Hausa. Wa zai faɗa musu da harshen da suke ji cewa a riƙa sauya wurin turke, a yi 'yar rumfa, a rataye harawa sama, a tanadi 'ya'yan gawo, a kai ta rigakafi? Ba za mu iya kai kowace akuya Dutsen Kufena ba, amma muna iya kawo mata ɗan abin da dutse ke ba ta. In mun yi shiru, asusun talaka ne ke zubewa.

Allah ya sa mu gane, amin.