Yadda Babur Ya Tsai Da Ni A Mutum Biyu

Matafiyi shi ne ke shirya tafiya, amma ba shi ke zaɓen inda zai ya da zango ba. Ni dai da na tashi daga Jalingo da hantsi a ƙarshen daminar nan, niyyata ita ce in yi sallar Azahar a Mutum Biyu, in sha mai, in wuce Tella in ga kasuwar kifin da ke bakin Kogin Taraba, sa'an nan in kwana a Wukari. Ashe rabona na wannan rana yana gindin wata bishiya a bakin tashar Mutum Biyu.

Ga wanda bai san wurin ba, Mutum Biyu ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gassol a Jihar Taraba, watau jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin yana kan babbar hanyar da ta haɗa Jalingo da Wukari, a cikin ƙasar tsohuwar daular Muri, wadda Lamiɗo Muhammadu Nya ya kafa mata Jalingo a 1893. Ƙasa ce mai albarkar noma, ga shinkafa a fadamun Binuwai, ga masara da doya da riɗi a tudu. A tasha mutum zai ji Fulatanci da Tibanci da Jukunanci, amma in an zo ciniki kowa sai ya juya zuwa Hausa. Har ila yau akwai wani gari a wannan yanki da ake kira Mutum Ɗaya, abin da yakan ba baƙo dariya.

Hanyar kuwa ba ta da tausayi ga abin hawa. Gadar Namnai da ke kanta ta karye a daminar 2024, har matafiya suka koma ƙetarewa da jirgin ruwa ko kuwa su yi dogon zagaye. Ni ma kwana biyu a jere ruwan sama yana dukana, ramuka kuma suna girgiza babur ɗin kamar ana tankaɗe.

Babur ɗina irin manyan nan ne na doguwar tafiya, nauyinsa da kaya ya haura kilo 200. Ba shi da kik na ƙafa irin na baburan acaɓa, da maɓalli kawai ake ta da shi. Bayan na idar da salla na murɗa makulli, fitilu suka kama, na ji kukan famfon mai kamar kullum. Ina danna maɓalli sai na ji ƙas sau ɗaya, fitilu suka ɗauke ɗif. Na sake, haka. Nan da nan 'yan acaɓa suka kewaye ni, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce batir ne ya mutu, wancan ya ce filogi ne, wasu kuma suka ce in hau su tura. Hankalina ya tashi, don kuwa mutanen gari sun riga sun gargaɗe ni kada in bi hanyar nan bayan faɗuwar rana, kuɗin da ke aljihuna kuma in na sayi sabon batir ba sauran na komawa gida.

Da ɗan gari akan ci gari. Wani yaro ya ruga ya kira mini wani dattijo mai gyaran wayoyin motoci, irin waɗanda ake kira rewaya. Ya iso da 'yar jakar buhu a hannu, ya yi mini sallama, ya tambaye ni gajiya da mutanen gida, sa'an nan ya ce, "Malam, me ya yi maka kafin ya ƙi tashi?"

Na ce, "Baba, batir ne ya mutu. A ina zan sami sabo?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ban tambaye ka cutar ba, alamarta na tambaya. Danna in ji."

Na danna, ya kasa kunne. Daga nan ya shiga yi mini bayani yana aiki, ni kuwa na ciro littafina na aikin jarida, don na ga darasi ya samu. Ya ce babur mai maɓalli iri uku yake ƙin tashi. In an danna aka ji shiru, fitilu kuma ba su ko ƙifta ba, to, wutar ba ta isa ga ɗan akwatin nan mai haɗa batir da sitata ba. Sai a duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, da fis, da ƙananan makunnan tsaro da ke jikin kuloci da ƙafar jingine babur, domin yawancin manyan babura ba sa yarda su tashi in suna cikin giya ƙafar tana ƙasa. In kuwa sitata ta juya inji da kyau amma ya ƙi kamawa, a nan ne ake zargin filogi ko mai. In aka ji ƙas fitilu suka dushe, kamar nawa, to, ko dai batir ya yi sanyi, ko kuwa wutar tana nan amma hanyarta ta toshe.

Ya ciro mitarsa ta awon wuta ya ɗora a kan kawunan batir, ta nuna 12.5. Ya ce batir mai lafiya da ya cika yakan nuna wajen 12.6, saboda haka wannan bai mutu ba, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya sa na danna maɓalli mitar tana kai. Ya ce in da batir ne mai laifi, da lambar ta faɗi ƙasa da 10. Ba ta faɗi ba, ko 12 ba ta bari ba, alhali fitilu sun mutu. Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Rijiya cike take, guga ne ba ya isa."

Sai ya bi babbar baƙar wayar nan da ta tashi daga batir zuwa jikin ƙarfen babur, wadda ta nan wuta ke komawa bayan ta gama aikinta. Yana taɓa bakinta sai ta motsa. Notin ya kwance saboda girgizar hanya, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, tsatsa ta yi gado. Ya ce fitila ɗan abu kaɗan take sha, don haka ko ta wannan ƙunci wutarta takan wuce, amma sitata tana jan abin da ya ninka na fitila sau da yawa a lokaci guda, shi ya sa da an danna kome ke ɗaukewa. Ya kwance notin da sifana, ya goge bakin wayar da jikin ƙarfen da sanfefa har suka yi ƙyalli, ya ɗaure tamau, ya shafa giris. Ya yi wa kawunan batir haka nan. Ya ce, "Bismilla." Dannawa ɗaya inji ya kama, 'yan acaɓa suka ɗauki sowa.

Na kai hannu aljihu, ya ce in dakata, aiki bai ƙare ba. Ya mai da mita kan batir, ya sa na ɗan ja mai, ta nuna 14.1. Ya ce in inji yana aiki, tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. In ta tsaya a 12, to, kwayil ko na'urar daidaita caji ba sa mai da wa batir abin da ya kashe, gobe ma a daji za a kwana. In ta haura 15, dafa batirin take yi. Ya ƙara da cewa da na yarda an tura, mai yiwuwa ya tashi, amma da na tafi da cutar a jiki, ta kayar da ni inda ba kowa. Abin da ya karɓa a hannuna bai kai kuɗin man da na sha ba, har sai da na matsa masa.

Lokacin an yi La'asar sakaliya. Na ce zan kama hanya, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, Tella ba za ta gudu ba." Na bi maganarsa na kwana a garin, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, da asuba na wuce lafiya.

Shawarata ga masu karatu da ke doguwar tafiya a kan babur ita ce, kafin a tashi a duba kawunan batir da baƙar wayar jikin ƙarfe, a riƙe fis na ko-ta-kwana da sifana da sanfefa da 'yar mitar awo, domin duka ba su cika aljihun jaka ɗaya ba. In abu ya faru kuma, a auna kafin a saya. Batura nawa masu lafiya aka zubar saboda noti ɗaya? Ga hukuma kuwa, roƙonmu shi ne a dubi wannan hanya da idon rahama, domin abincin da ke bi ta kanta ba mutanen Taraba kaɗai yake ciyarwa ba. Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.