Daga Bauchi zuwa garin da ruwa ne titinsa

Mutumin Bauchi da bai san wani babban ruwa ba sai dam ɗin Gubi, dole gabansa ya faɗi ranar da ya fara sauka a Venis ta ƙasar Italiya. Ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia, ba mota, ba babur, sai ruwa shimfiɗe a gindin matakala, jirage na ta kai da komo.

Jirgin hayar da kowa ke hawa ana ce masa vaporetto. Tun 1881 ya fara aiki, lokacin da tururi ke tura shi, har masu kwalekwalen gondola suka yi yajin aiki don ya zo zai raba su da abincinsu. Yau kamfanin ACTV ke tafiyar da jiragen. Na yanki tikitin Yuro 9.50, mai aiki na minti 75, na shiga layi na 1 da ke bin babbar mashigar garin, Canal Grande.

Tashar vaporetto kanta a kan ruwa take, tana rausaya da mutum. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yaron jirgin ne. Da an matso, sai ya wurga igiya mai kauri ta zarge ƙarfen tasha, ya ja, ya ɗaure, igiyar na ƙara, sannan ya zuge ƙofa. Masu sauka su fara fita. Ba ihu, ba cinikin kuɗin mota, kuma lokacin da aka rubuta a allo shi jirgi ke zuwa. Nan na tuna yadda muke tsayuwa a rana a Wunti, can Bauchi, muna jiran keke ya cika, raina ya sosu.

Amma garin na da nasa ciwon. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kusan 175,000, a 2022 kuwa ba su cika 50,000 ba; tsadar haya da cunkoson baƙi sun kori sauran. A tashar Rialto na ga wata tsohuwa da jakar cefane mai taya tana ta neman wurin sa ƙafa, mu baƙi mun cika ko'ina da akwatuna da wayoyin ɗaukar hoto. Ita da wannan jirgin take zuwa kasuwa da asibiti. Sai da yaron jirgin ya ɗaga murya aka matsa mata.